Wuyan Rigar Jauhara

Ban taɓa mantawa da ranar da aka nuna ni da yatsa a ɗakin kayan fim, aka ce gobe ni za a ɗauka a kyamara ba. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kun sha jin Hajiya Sakina tana tsokanata da maganar, ku yi dariya ba tare da kun san mafarinta ba. To yau na zauna zan rubuta muku yadda aka yi, a hankali, yadda nake yin komai.

Abin ya faru bayan korona ta lafa, a cikin watan Sha'aban. Lokacin shagonmu na unguwar Bani Malik a Jidda bai kai haka girma ba. Abaya muke ɗinkawa da kayan amare. Hajiya Sakina, kun san ta, Bahaushiyar Sudan ce, takardunta cikakku, ita ke zama a gaba tana karɓar aiki. Ni ina ɗakin baya a kan keken ɗinki. Tun da aka buɗe gidajen sinima a ƙasar nan sai ƙananan kamfanoni suka fara shirya fim, suna neman masu ɗinka wa 'yan wasa kaya. Wani daga cikinsu, ba zan faɗi sunansa ba, ya ba Hajiya kwangila.

Sai na yi bayanin takardata, don wanda bai san ƙasar nan ba ya fahimci inda tsoron yake. Iƙamata, wato katin izinin zamana, a ƙarƙashin ta mijina Baban Safiya take. Shi ke aiki, gyaran injin sanyi yake yi a wani kamfani, ni kuma a takarda mai rakiya ce, kuma an rubuta a jikin katin ƙarara cewa ba a yarda in yi aiki ba. Duk matar da aka kama da irin katina tana aikin albashi, akwai tara, akwai tarhil, wato gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, sannan mijinta ma ya shiga uku da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. 'Ya'yana duka a Jidda aka haife su. In aka sa ni a jirgi, ni kaɗai za a sa. Na san matar da aka ɗauke ta bar tukunya a kan wuta. Shi ya sa shekara da shekaru ban yarda na zauna a gaban shago ba.

Fim ɗin daga wani littafin labari mai zane-zane aka ciro shi, irin wanda yara ke so, hoto a sama, magana a cikin ɗan da'ira. Labarin wata yarinya ce mai suna Jauhara, 'yar masunci a tsohuwar Jidda, wadda ke iya nutsewa cikin teku ta daɗe ba ta fito ba, tana ceton jiragen da suka kife. Na san littafin tun kafin kwangilar, domin 'yata Safiya ta haddace shi. Larabcina bai wuce na Alƙur'ani da na kasuwa ba, ita ke karanta min. Jauhara a littafin baƙa ce wuluk, hancinta irin namu, kitsonta irin namu. Kakarta tana sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka, kuma akwai wurin da kakar ta ce mata “sannu” da baƙaƙen Larabci. Ranar da Safiya ta gano wurin nan ta zagaya gidan maƙwabta duka tana nunawa.

Da na gaya mata ni zan ɗinka rigar Jauhara, yarinyar nan ba ta iya cin abinci ba don murna.

Rigar ba ta wasa ba ce. Koriya ce mai ruwan teku, an jera mata ƙananan faifai masu sheƙi kamar ɓawon kifi, ɗaya bayan ɗaya da hannu, wuyanta dogo na farin yadi mai ruwan azurfa. Darakta ya ce ba ya son zif ko maɓalli su fito a hoto. Saboda haka kullum sai an sa wa 'yar wasan rigar, in tsaya a bayanta in ɗinke ta a jikinta da allura tun daga ƙugu har ƙeya, in an tashi in warware. Idon Hajiya ya yi rauni saboda ciwon sukari, ba za ta iya ba. Dole ni ce zan riƙa zuwa wurin ɗaukar fim ɗin, wani tsohon sito a unguwar Khumra da aka gyara. Na ce mata ina tsoro. Ta ce, “Rabi, ɗakin kaya ne, mata ne zalla, wa zai leƙo ki?” Na yarda. Motar kamfani ke ɗaukata da safe, ta dawo da ni bayan la'asar.

Ranar farko aka shigo da wadda za ta fito a matsayin Jauhara. Sunanta Lama. Yarinya ce mai ladabi, ta gaishe ni ta ce min khala, wato inna. Amma fara ce tas, har jijiyoyin hannunta ana gani. Na tsaya da tef ɗin awo a hannu ina kallon hoton littafin da aka manna a bango, ina kallonta. Ba a kawo ni don in yi magana ba.

Daga baya na ji dalilinsu a bakin mai kwalliya. Wai masu kuɗin fim ɗin suna son fuskar da mutane suka sani, wai ba a samu baƙar yarinya da ta iya wasa ba. Lama da kanta ta gaya min, ina ɗinke mata baya, cewa ranar gwaji ta ga 'yan mata baƙaƙe da yawa a layi, har da wata da ta sa ta kuka da wasanta. Ta ce, “Ban san yadda aka yi aka zaɓe ni ba, khala.” Na ce mata rabo ne. Me zan ce?

Abin da suka yanke shi ne a riƙa shafa mata wani mai, mai ruwan ƙasa, a fuska da wuya da hannu, don ta yi kusa da zanen. Nan aikina ya ƙaru. Fitilun wurin suna da zafi, da ta yi gumi sai man ya zubo kan farin wuyan rigar. Kullum sai na cire wuyan na sa sabo. Da na gaji sai na yi masa shafi da yadi mai ruwan ƙasa ta ciki, duk da haka bakinsa sai ya ɓaci. Ina da kwando guda na wuyan riga masu tabo a ƙarƙashin tebur. Ban gaya wa Safiya komai ba. In ta tambaye ni yaya Jauhara take, sai in ce tana da kirki.

Ban san wanda ya ɗauki hoton ba, har yau ban sani ba. Wata safiya dai aka wayi gari hoton Lama yana yawo a wayoyi, fuska baƙa, bayan kunne fari, wuyan riga ya sha fenti. Jidda ta ɗauka. 'Ya'yan baƙaƙen garin nan, namu da na Sudan da waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin zuwa hajji a ƙafa, suka yi ta rubutu cewa littafi ɗaya tak aka zana su a ciki da mutunci, shi ma an ƙwace. Wasu kuma suna cewa wasa wasa ne, kowa na iya fitowa a matsayin kowa. Safiya ta dawo daga makaranta ta miƙo min wayar ba sallama.

“Ummi, wannan ɗinkinki ne?”

Na ce nawa ne.

“Kina gani kullum, ba ki faɗa min ba?”

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Kamfani ya rikice. Aka dakatar da fentin. Sai ga mai kula da tallarsu, Ustaz Majid, ya shigo ɗakin kaya bayan azahar da wasu mutum biyu. Shi ba baƙo ba ne a wurina. Yakan shigo ya tsaya a gefen teburina yana shan shayi yana waya, ya ce min “ya hajja” ya wuce. Ya dubi ɗakin, idonsa ya sauka a kaina, ya miƙa yatsa.

Ya ce da mutanensa, “Ga ta nan. Wannan hajjar ce ta ɗinka rigar, ko?”

Mai kwalliya ta ce ni ce.

Ya matso yana murmushi ya yi min bayani. Gobe da safe za su ɗauki gajeren bidiyo su sa a shafin kamfani, a ga yadda ake aiki a bayan fage, a ga cewa kamfanin na kowa ne. Za a nuna ni a kan keke, in ce ni na ɗinka rigar Jauhara da hannuna, ina alfahari da fim ɗin. Lama za ta zo ta rungume ni. A ƙasan hoton za a rubuta sunana da aikina.

Sunana da aikina, a ƙarƙashin fuskata, duk ƙasar tana kallo. Allurar da ke hannuna ta faɗi ban ji faɗuwarta ba.

Na ce, “Ustaz, mijina ba ya son ana ɗaukata hoto.”

Ya ce, “Ba ni lambarsa, zan yi masa magana. Abin alheri ne.”

Na ce, “To zan sa niƙabi.”

Ya yi dariya. “Ya hajja, ai fuskar ce muke so.”

In na matsa da ƙi, zai tambayi dalili. In na faɗi dalili, na tona kaina, na tona Hajiya da ta ɗauke ni aiki, kuma kamfani da ke cikin wuta ba zai so a ce an sami mai aiki ba bisa ƙa'ida ba a ɗakinsa. Ya duba agogo ya ce, “Halas, shi ke nan, gobe,” ya fita.

A motar komawa duk motar 'yan sanda da na hango sai in sunkuyar da kai. Muka bi ta wani shingen bincike da muke wucewa kullum ba na ko ɗaga kai, ranar sai da na karanta duk addu'ar da na sani. Na isa gida na ɗora girki, na tsaya ina kallon ɗakin dafuwar nan tawa kamar ina yi mata sallama.

Bayan magariba na gaya wa Baban Safiya. Mutum ne marar yawan magana. Ya ajiye cokali ya ce, “Kada ki koma.” Na ce in ban koma ba babu mai ɗinke rigar, za su bi ni shago, daga shago su tambayi takarda. Ashe Safiya tana ji daga ƙofa. Ta fito da Hausarta mai gauraye da Larabci.

“Ummi, ki je mana. Ki zauna gaban kyamara ki gaya musu gaskiya. Ki ce Jauhara baƙa ce, ki nuna musu wuyan rigar da fenti ya ɓata.”

Babanta ya ce, “Ke Safiya, in an tafi da uwarki ke za ki yi wa ƙannenki girki?”

“Tafi da ita ina?”

Yarinyar ta kai shekarun aure a ƙauyenmu, amma ba mu taɓa zaunar da ita mun gaya mata abin da ke rubuce a katina ba. Ta ɗauka tunda a nan aka haife ta, uwarta ma ta nan ce. Babanta ya yi mata bayani. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Na kira Hajiya Sakina a waya. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Sai ta ce, “Ya san sunanki?”

Na ce hajja yake ce min.

“Da wane mayafi kika je yau?”

Na ce ruwan toka.

“Ki kawo min shi gobe. Tare za mu tafi.”

Na gane inda ta dosa. Na ce, “Hajiya, ban kai kafaɗarki ba. Ke ga jiki, ga tabarau, ni kamar tsinke. Mutumin nan kullum yana tsaye a kaina.”

Ta ce, “Rabi, na girme ki a ƙasar nan. Yana tsaye a kanki daban, yana kallonki daban.”

Da safe muka shiga motar kamfani tare. Ustaz Majid bai taɓa ganin Hajiya ba, domin da ofishin kuɗi ta yi kwangila, ba ta zuwa Khumra. Muna isa ta yafa mayafina, ni na sa baƙi da takunkumi irin na korona. Na zura mata zare a keke, na sa mata wani ragowar koren yadi a ƙarƙashin allura, na ce ta taka a hankali kada ta ja. Ta ce, “Ni za ki koya wa keke? Ina ɗinki kina tallan goro.”

Mai kwalliya ta dube mu, ta dubi mayafin, ta juya ta ci gaba da wanke burushinta.

Saura Lama. Ta shigo na sa mata riga a bayan labule, na fara ɗinke bayan. Ban taɓa soke ta ba tun da muka fara aiki, ranar sai da na soke ta. Ta ce, “Khala, lafiya? Tsoron kyamara kike ji?” Na ce eh. Na so in gaya mata, na fasa. Yarinya ce da duniya ta taso wa, an zage ta, an zagi iyayenta, ban san abin da za ta yi da sirrina ba in ta ga zai fishe ta. Na ƙulle zaren a ƙeyarta na yanke. Ta tafi wurin mai kwalliya, ni kuma na shige bayan ƙarfen da ake rataye kayan masunta, na tsuguna da wani wando a hannu kamar ina yi masa kalmasa.

Suka shigo da fitilu da kyamara. Ta tsakanin riguna ina hango takalmin Ustaz Majid. Ya nufi teburina. Hajiya ta ɗago kai, da tabaranta, da faɗin fuskarta, da tsagen Sudan a kumatunta.

Ya ce, “Ya hajja, barka da asuba. Mijin ya yarda ke nan?”

Hajiya ta ce, “Ya yarda, ya waladi,” wato ɗana. Mijinta ya rasu tun kafin in san ta.

Ya ce, “Madalla. Yau kin fi kyau ma. Yalla, mu fara.”

Aka tambaye ta suna ta faɗi nata. Ta taka keke, ɗinkin ya karkace kamar hanyar maciji, ba wanda ya lura. Ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, har mai kyamara yana yaba mata. Sai Ustaz Majid ya ce a kira Lama.

Ta shigo cikin koriyar riga, fuskarta ba fenti, hannu a buɗe za ta rungumi khalarta. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dubi Hajiya. Ta dubi mayafin. Sai ta juya kai a hankali tana duba ɗakin, har idonta ya faɗa cikin nawa ta tsakanin riguna. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, rabin fuskar ma a rufe take. Ni dai na san na ɗaga hannu kaɗan na haɗa yatsuna, yadda mutanen nan ke yi in suna roƙon a yi haƙuri.

Ustaz Majid ya ce, “Lama, akwai matsala?”

Kafin ta amsa na ga jirgi, na ga filin jirgin Kano, na ga autana yana tashi daga barci yana nemana.

Ta ce, “Fitilar ce ta shiga idona. A sake.”

Aka sake. Ta zo ta rungume Hajiya Sakina, ta sumbaci goshinta, ta ce wa kyamara hannun khala ya fi na kowa albarka a fim ɗin nan. Suka tattara kayansu suka fita. Ina nan tsugune a bayan riguna, sai da Hajiya ta zo ta ɗago ni tana cewa, “Tashi, jarumar fim ta zo da kanta tana ɗaga ki, kina wani langwaɓewa.”

Bayan la'asar ina warware wa Lama baya, ba ta tambaye ni komai ba. Da na kai ƙugu sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Khala, gobe ki zo da abincinki ɗakina mu ci. Ba mai shigowa can.” Haka muka yi har aka gama fim ɗin.

Bidiyon ya fita washegari. Mutane ba su huce ba, wasu ma cewa suka yi an nemo baƙar tsohuwa an yi garkuwa da ita. Fim ɗin dai da Lama aka gama shi, ba fenti, Jauhara ta zama fara, kakarta mai gyaɗa kuma aka cire ta daga labarin. Ustaz Majid ya ci gaba da shigowa da kofin shayinsa. Ni ce a kan keke, da mayafina, ya ce, “Ya hajja, kin ga yadda kika yi kyau a bidiyo?” Na ce masa Allah ya saka da alheri.

Safiya ta kalli bidiyon a gabana, ta maimaita shi.

“Ummi, ke ma sun ba wata matsayinki. Kamar Jauhara.”

Na ce, “Ni na yarda a ba ta.”

“Kuma da gaske bai gane ba?”

Na ce bai gane ba, alhamdu lillahi.

Ta ce, “To ni ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba.”

Na ce ta yi murna tukuna, tunda ga ni a gida, kukan ta ajiye shi sai ta girma.

Abin da na koya a aikin nan shi nake so ku riƙe. Mai ɗinki tana taɓa jikin mutane, tana sanin faɗin kafaɗarsu da inda suke gumi, su kuma yawancinsu ba su san kamanninta ba. Wanda kika tsaya a bayansa da allura shi ke saninki, wanda ke biyan kuɗi launinki kawai yake gani, kuma sai ranar da yake buƙatarsa. Wannan rashin kallon shi ya bar ni da 'ya'yana, ba zan yi butulci in ce ban gode ba. Amma ku yara ne, da yawanku takardunku sun fi nawa kyau. In aka nuna ɗayarku da yatsa aka ce fuskar ake so, ta tambaya me za a yi da ita, kuma ta faɗi sunanta da ƙarfi kafin ta zauna. Ni ban samu damar yin haka ba.